Darasi: Kariya daga Rauni da Gina Jiki ga 'Yan Wasan Judo a Jos

Judo wani nau'in kokawa ne da wani malami ɗan Japan mai suna Jigoro Kano (sunan ba shi da alaƙa da birnin Kano) ya tsara a shekarar 1882, lokacin da ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a Tokyo, bayan ya tace tsofaffin dabarun faɗa na ƙasarsa ya ware waɗanda za a iya gwadawa da cikakken ƙarfi ba tare da an nakasa abokin karawa ba. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1964, mata suka fara karɓar lambobinsu a cikinsa a Barsalona a 1992, kuma yana cikin wasannin da aka fafata a gasar ƙasashen Afirka da aka yi a Legas a 1973, shekarar da aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa wanda har yau shi ne babbar ƙofar da ɗan wasa daga jiha irin Filato ke bi ya fito idon duniya. Ana samun cikakkiyar nasara, wadda ake kira ippon, ta hanyar kayar da abokin karawa a gadon bayansa da ƙarfi da sauri, ko danne shi a ƙasa na daƙiƙa 20, ko tilasta masa miƙa wuya ta hanyar shaƙewa ko lanƙwasa gwiwar hannunsa. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana iya jikkata mutum, shi ya sa koyon judo da koyon kare jiki suke tafiya tare tun daga ranar farko.

Inda rauni ya fi aukuwa

Ƙididdigar da aka yi a gasannin Olamfik na 2008 da 2012 ta nuna cewa kimanin kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari na 'yan judo sun ji rauni a lokacin gasar, kuma galibin raunukan targaɗe ne da yagewar tsoka da ƙujewa, a gwiwa da kafaɗa da yatsu, sannan mafi yawansu sun faru ne a daidai lokacin da ake kayar da mutum. A yaren wasan ana kiran mai kayarwa tori, wanda ake kayarwa kuma uke, kuma uke ne ya fi shiga haɗari, musamman idan ya ƙi yarda da faɗuwar da ta riga ta tabbata. Wanda ya miƙa hannu ya tokare ƙasa don kada bayansa ya taɓa ta yakan goce gwiwar hannu ko ya karya ƙashin da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wanda kuma ya juya ya sauka a kan ƙoƙon kafaɗa yakan yaga jijiyoyin da suka ɗaure mahaɗar wurin.

Gwiwa ta fi ko'ina cin lokaci. A cikinta akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, kuma ta gaba ita ce ke hana ƙwauri zamewa daga ƙarƙashin cinya. Idan ƙafa ta kafe a ƙasa, nauyin mutum biyu ya hau kanta, jiki kuma ya juya, wannan jijiya takan tsinke, wani lokaci har a ji ƙararta. Ba ta haɗewa da kanta yadda ƙashi ke haɗewa, kuma wanda aka yi wa tiyata yakan ɗauki wata tara zuwa shekara kafin ya koma gasa. Mata sun fi maza fuskantar wannan rauni a wasanni da dama. Saboda irin wannan haɗari ne aka haramta wasu dabaru gaba ɗaya, kamar kani-basami, wato a daka tsalle a haɗe ƙafafun abokin karawa kamar almakashi, dabarar da ta karya ƙafar shahararren ɗan wasan Japan Yasuhiro Yamashita a 1980.

Rauni mafi muni shi ne na kai da wuya. Binciken da Ryo Uchida na Jami'ar Nagoya ya yi ya gano cewa fiye da ɗalibai 100 sun mutu a judon makarantun Japan cikin ƙasa da shekara 30 daga 1983, yawancinsu sababbin shiga, kuma babban sanadi shi ne zubar jini a cikin ƙoƙon kai bayan ƙeya ta bugi ƙasa, sau da yawa daga dabarar o-soto-gari, wadda ake share ƙafar mutum daga waje ya faɗi ta baya. Wannan ya faru ne a ƙasar da ta haifi wasan, mai shimfiɗu masu kyau da asibitoci na zamani, abin da ke nuna cewa kayan aiki ba sa maye gurbin hankalin mai horarwa. An haɗa yaran da ba su iya faɗuwa ba da waɗanda suka fi su ƙarfi da daɗewa, an kuma bar wasu sun ci gaba da atisaye suna kukan ciwon kai.

Koyon faɗuwa

Bahaushe ya san kokawa tun kaka da kakanni, amma a kokawar gargajiya, wadda ake yi a kan rairayi, faɗuwa ita ce ƙarshen magana kuma abin kunya ce, don haka duk tarbiyyar ɗan kokawa ta ginu ne a kan ƙin taɓa ƙasa. Matashin da ya zo judo da wannan ɗabi'a yana zuwa da ƙarfin ƙugu da iya tsayuwa, waɗanda jari ne mai kyau, amma yana zuwa kuma da halin da zai iya karya masa hannu, kuma aikin farko na mai horarwa shi ne ya raba shi da jin kunyar faɗuwa. A ɗakin judo mutum yakan faɗi sau da dama a kowane zama, kuma ana ɗaukar iya faɗuwa a matsayin fasaha mai suna nata, ukemi.

Ukemi ya ƙunshi abubuwa kaɗan da ake maimaitawa har su zama jiki. Ana manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta kai ƙasa, ana lanƙwasa baya kamar ƙwarya don jiki ya mirgina maimakon ya faɗi a sandare, ana mari shimfiɗa da dukan hannu daga kafaɗa zuwa tafi a daidai lokacin saukar jiki don ƙarfin faɗuwar ya bazu a fili mai faɗi, kuma ana fitar da numfashi. Ana fara koyonsa daga kwance, sai a zaune, sai a tsugune, sai a tsaye, sai ana tafiya, daga nan ne abokin atisaye zai fara kayar da mutum a hankali yana riƙe da hannun rigarsa. Wannan riƙo na ƙarshe wajibi ne a kan tori: shi ne ke ɗaga kafaɗar abokinsa ya hana kansa bugun ƙasa, kuma ɗalibin da ke sakin hannu ko ya faɗa kan wanda ya kayar bai cancanci a bar shi ya shiga randori ba, wato atisayen da kowa ke neman kayar da kowa. Gaggawar sa sabon shiga cikin randori saboda gasa ta matso kuskure ne babba, domin watannin farko su ne mafi haɗari, kuma ko ƙwararre ya kamata ya buɗe kowane zama da ukemi ta baya da ta gefe biyu da ta gaba.

Shimfiɗar da ake faɗuwa a kai, wadda ake kira tatami, tana zuwa ne falle-falle, kowane mita ɗaya a mita biyu, kaurinsa santimita huɗu zuwa biyar, kuma a gasa ana barin aƙalla mita uku na kariya a kewayen filin karawa. Tana da tsada, don haka ƙananan ƙungiyoyi sukan yi amfani da tsofaffi ko katifun soso a kan daɓen siminti. Katifa mai laushi da yawa tana kama yatsun ƙafa ta murɗe gwiwa, wadda ta tsufa ta lotse kuma ba ta tare komai, sannan tazarar da ke tsakanin falle biyu tarko ce ga babban yatsa. Inda hali bai kai ga sabuwa ba, katako da aka ɗora a kan tsofaffin tayoyi a ƙarƙashin shimfiɗa yana rage dukan siminti sosai, kuma ƙa'ida mai sauƙi ita ce a rage tsayin kayarwa da yawan mutanen da ke karawa lokaci guda gwargwadon halin shimfiɗar.

Sanyin Jos da zafin filin gasa

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Tsoka mai sanyi ba ta miƙewa da sauƙi, saƙon jijiya yana tafiya a hankali, yatsu kuma suna ƙagewa a kan riga mai kauri, saboda haka ɗumama jikin da ya isa a Sakkwato cikin bazara ba zai isa a Jos cikin hunturu ba. Ya kamata a ba shi minti 15 zuwa 20, a fara da sassarfa da tsalle-tsalle har gumi ya tsatso, a bi da juya wuya da kafaɗa da ƙugu da idon sawu, sai jan ciki da mirgine-mirgine a kan shimfiɗa, sai ukemi, sai uchikomi, wato maimaita shiga dabara ba tare da kayarwa ba. Miƙa tsoka a tsaya cak na dogon lokaci ya fi dacewa da ƙarshen zama. Iskar hunturu kuma tana kawo kaushi da faso, kuma da yake ba a sa takalmi a kan tatami, fason da ke jini ƙofa ce ta cuta ga mai shi da abokansa. Man shafawa da daddare da filasta lokacin atisaye sun wadatar. Makero yana yaɗuwa cikin sauri tsakanin 'yan judo ta fata da riga da shimfiɗa, don haka wanda ya fito masa sai ya dakata ya nemi magani, a kuma riƙa goge shimfiɗa da wanke riga.

Akwai ra'ayi mai ƙarfi cewa tudun Filato yana ba 'yan wasa juriya, kuma 'yan gudun dogon zango na yankin Pankshin sun ƙarfafa wannan suna. Gaskiyar magana ita ce sansanonin da ake zuwa musamman don ƙara jajayen ƙwayoyin jini sukan kasance a tsayin mita 2,000 ko fiye, don haka babbar ni'imar Jos ga ɗan judo ita ce sanyinta, wanda ke ba shi damar yin aiki mai nauyi ba tare da zafi ya karya shi ba, tare da hawa da gangaren duwatsu irin na Shere da suka dace da gina ƙafa da numfashi. Wannan ni'ima tana da kishiya. Bukukuwan wasanni na ƙasa na baya-bayan nan an yi su ne a Benin a 2021, da Asaba a 2022, da Abeokuta a 2025, garuruwa masu zafi da laima inda gumi ba ya bushewa, kuma jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da irin wannan yanayi. Tawagar da ta sauka daga Jos ana gobe gasa za ta gaji da wuri, gajiya kuwa ita ce ke lalata tsayuwa da faɗuwa a minti na ƙarshe. Idan ba a samu sauka da wuri ba, mayar da wasu atisaye zuwa tsakar rana a makonni biyu na ƙarshe, tare da shan ruwa sosai, yana rage giɓin.

Irin ƙarfin da wasan ke nema

Karawar manya minti huɗu ce, amma idan ba a samu wanda ya yi galaba ba ana ci gaba ba iyaka har sai wani ya samu maki, kuma mai neman lamba yakan yi karawa huɗu zuwa shida a yini ɗaya. Aikin yana zuwa ne guntu-guntu, daƙiƙa 20 zuwa 30 na ja-in-ja mai tsanani, sai ɗan hutu, sai a koma, saboda haka gudu mai nisa shi kaɗai ba ya shirya mutum; ana haɗa shi da gajerun gudu masu ƙarfi da ake maimaitawa, kamar hawa matakalar 'yan kallo a filin wasa na Rwang Pam ko wani gangare, da randori mai ƙayyadadden lokaci.

Atisayen da ke kare gaɓoɓi ba ya buƙatar injuna. Wuya ana gina shi ta hanyar kwanciya rigingine a ɗaga kai a riƙe, da tura kai a kan tafin hannu ta fuska huɗu, domin wuyan da ya yi ƙarfi ne ke riƙe haɓa a ƙirji idan faɗuwa ta zo ba zato. Gwiwa ana kare ta da tsuguno a kan ƙafa ɗaya, da tsalle a sauka a hankali gwiwa na kallon inda yatsun ƙafa ke kallo ba tare da ta karkata ciki ba, da ƙarfafa tsokar bayan cinya, inda mutum zai durƙusa abokinsa ya riƙe masa idon sawu shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali. Kafaɗa ana ƙarfafa ƙananan tsokokinta da robar tayar keke da aka ɗaura a ginshiƙi, riƙo kuma da hawa igiya ko rataya a jikin tsohuwar rigar judo. A ƙwallon ƙafa an nuna cewa tsarin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+ yana rage rauni da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma da aka gwada makamancinsa na judo a ƙasar Holan, mai suna IPPON, bambancin da aka samu bai kai yadda za a kafa hujja da shi ba. Wannan bai soke amfanin atisayen ba, sai dai yana tuna wa mai horarwa cewa a judo rabin haɗarin yana hannun abokin karawa, don haka haɗa mutane bisa nauyi da ƙwarewa yana da muhimmanci daidai da gina tsoka.

Nauyi, abinci da magunguna

Ana raba 'yan judo aji bakwai-bakwai bisa nauyi, maza daga kilo 60 zuwa sama da 100, mata daga kilo 48 zuwa sama da 78, kuma wannan ya haifar da mummunar al'adar zubar da kilo da yawa cikin kwana biyu ko uku ta hanyar ƙin ci da sha, da gudu cikin leda, da shan maganin sa fitsari. Abin da ke zuba ruwa ne, kuma rashinsa yana raunana riƙo, yana dusashe tunani, yana wahalar da ƙoda da zuciya. A 1996 ɗan wasan Koriya ta Kudu Chung Se-hoon ya rasu yana wannan ramewa gabanin Olamfik ta Atlanta. Hukumar judo ta duniya tana auna 'yan wasa ana gobe gasa, sannan da safe ta zaɓi wasu ta sake aunawa, kuma ba a yarda mutum ya haura iyakar ajinsa da fiye da kashi 5 cikin ɗari ba. Hanya mai aminci ita ce a zaɓi ajin da ke kusa da nauyin mutum na yau da kullum, a rage abin da ya rage cikin makonni, yara masu tasowa kuwa kada a sa su rage nauyi ko kaɗan. Abinci ba matsala ba ne a ƙasar da ke noma dankalin turawa a Bokkos da Mangu, da acha, da kayan lambun da ke cika kasuwar Farin Gada. Gwate da wake da ƙwai da nono sun ishi mai atisaye ba tare da garin gwangwani mai tsada ba. A watan azumi kuma ya fi dacewa a mayar da randori zuwa bayan buɗa-baki.

Abubuwa biyu na lafiya sun shafi wannan yanki musamman. Zazzaɓin cizon sauro kan kumbura saifa, kuma saifar da ta kumbura tana iya fashewa idan aka faɗa wa mutum a ciki, don haka wanda ya tashi daga zazzaɓi ba zai koma karawa ba sai ya warware sarai. Na biyu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da nau'in jini na AS mai alaƙa da sikila, wanda ba ya hana wasa, amma yana ƙara haɗari idan aiki mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙishirwa, kuma wannan ƙarin dalili ne na sanin nau'in jinin kowane ɗan wasa da guje wa ramewar gaggawa. Tiramadol, wanda wasu matasa ke sha don kashe ciwo da gajiya, an haramta shi a lokacin gasa tun daga farkon 2024, kuma ko ba don haramci ba, yana rufe ciwon da ke gargaɗin mutum cewa gaɓa ta kusa lalacewa, yana kuma iya jawo farfaɗiya.

Idan rauni ya auku

Wanda aka shaƙe ko aka lanƙwasa masa hannu yana miƙa wuya ne ta hanyar buga shimfiɗa ko jikin abokinsa sau biyu ko fiye, kuma dole a sake shi nan take. Jinkirin bugawa don nuna jarumtaka yakan jawo raunin gwiwar hannu a karawar da ake yi a kwance. Wanda kansa ya bugu, ya ji jiri ko ciwon kai ko ya rikice, ko da bai suma ba, ya gama wasa a wannan rana, kuma ba zai koma ba sai alamun sun ɓace an bi matakai ɗaya bayan ɗaya, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya kisa. Amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ba a iya tashin mutum daga gare shi, alamu ne na zubar jini a ciki, kuma suna iya bayyana bayan sa'o'i da mutum ya tashi yana magana lafiya. Wannan na buƙatar a garzaya babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ba tare da jiran wayewar gari ba. Wanda ya faɗi a kan wuya yana jin hannu ko ƙafa sun mutu, ba a ɗaga shi, ba a ja masa kai, ana riƙe kan yadda yake har masu aikin lafiya su iso.

Ga targaɗe, al'adar gashi da ruwan zafi da murza man zafi nan take tana ƙara kumburi. A kwana biyun farko hutu da ƙanƙara a cikin tsumma da ɗaurin bandeji da ɗaga gaɓar su ne daidai, gashi ya biyo baya. Maɗora suna da daɗaɗɗen matsayi a cikin al'umma kuma mutane da yawa su suke fara nema, amma tsinkewar jijiyar gwiwa da karayar da ta shiga cikin mahaɗa ba a gane su da lalube, ɗauri mai tsauri kuma yana iya tsayar da jini, saboda haka hoton ƙashi da ganin likita su ne matakin farko ga duk raunin da ya hana mutum taka ƙafa ko ɗaga hannu. Komawa wasa ana auna ta ne da aiki: gaɓar ta lanƙwashe kamar 'yar'uwarta, ƙarfinta ya kusa daidai da nata, mutum ya iya tsalle da ukemi ba ciwo, sannan ya fara da uchikomi kafin randori mai sauƙi. Kowace ƙungiya kuma ya kamata ta ajiye littafi guda da za a riƙa rubuta ranar da rauni ya faru, da gaɓar da ya shafa, da dabarar da ta jawo shi, da lokacin zama da abin ya auku, da kwanakin da aka rasa, domin bayan shekara ɗaya shafukansa za su nuna wa mai horarwa ko matsalar tana ga shimfiɗa ne, ko ga minti 15 na ƙarshen atisaye, ko ga wani ɗan wasa guda da abokan karawarsa ke yawan jikkata.